Kejetiya a Kan Allo

A bakin titin Asawase, bayan la'asar,
Baba Mumuni mai gyaran agogo
ya share ƙananan kusoshi gefe,
ya shimfiɗa allon da ruwa ya taɓa ci.
Gida sittin da huɗu, fari da baƙi.
Dakare ɗaya ya ɓace tun bara,
murfin kwalba ke tsaye a gurbinsa.

Ni kuwa kunya na kawo masa.
Jiya Kwabena, yaro ɗan aji biyar,
ya kashe mini sarki a taku huɗu,
yana tsotsar lemo, ko kallona bai yi ba.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Zaliya, me kika fara turawa?"
Na nuna dakaren can gefe, na jikin bango.
"Ashe! Kin buɗe shago a ƙarshen Aboabo
kina jiran masu saye daga Bantama.
Dubi gidajen nan huɗu na tsakiya.
Nan ne Kejetiya.
Motar Tafo, motar Suwame, mai zuwa Adum,
duk sai sun ratsa ta nan.
Tura dakaren gaban sarki gida biyu,
kafa teburinki kafin gari ya waye."

Na tura. Ya tura nasa.
Suka tsaya goshi da goshi.

Hannuna ya kai kan sarauniya.
Ya ɗan buge shi da bayan sukundireba.
"Bar ta. Wa ke baza zinari
tun kasuwa ba ta ci ba?
In ta fito yanzu, yara za su yi ta korar ta,
kowace kora su ƙara mutum a fili,
ke kina yawo da ita ita kaɗai,
sauran gida na sharar barci.

Doki tukuna, mai tsallake katanga.
Kai shi inda zai hangi tsakiya,
dokin gefe rabin ido gare shi.
Sai giwa, mai tafiya a karkace,
ki buɗe mata lungu ta wuce.
Kowa taku ɗaya, kamar rabon koko:
ba a ƙara wa wani
sai kowane kofi ya samu."

Aka kira magariba a masallacin kan kwana.
Muka bar allon a buɗe, muka dawo,
muka tarar an ɗauke wuta.
Ya kunna fitilar waya, ya cije ta da haƙori,
maganarsa na fita a murguɗe:

"Sarki ba jarumi ba ne da safe.
Kai shi ɗaki, soro ya tsaya a bakin ƙofa.
Dakarun nan uku na gabansa ƙyaure ne,
kar ki taɓa su don ƙaiƙayin hannu.
Kin ga wannan, na gaban giwar sarki?
Ba mai tsaronsa sai sarkin kansa.
Ta nan yaron ya shigo miki."

Na duba. Ta nan ɗin ne kuwa.

Daren nan ya cinye ni sau uku,
na ƙarshe sai da ya cire tabarau ya goge.
Murfin kwalbar ma ya ci mini doki.

Ranar Asabar na sami Kwabena a benci,
da sabon lemo, da tsohuwar dabara.
Taku na biyu, ga sarauniyarsa a waje.
Zuciyata na duka kamar injin nika.
Na tsare dakarena da doki,
na toshe mata hanya,
na fito da doki na biyu.
Ta ja baya. Na kai sarki ɗaki.

Ban ci shi ba, kar in yi ƙarya.
Mun kai taku talatin da wani abu.
Amma tun a na bakwai
ya ajiye lemon a kan benci,
ya ɗago kai, ya tambayi sunana.